Tukunya Ɗaya Da Aka Bar Wa Amarya

Amarya ta ja ƙofar kabad ɗin kicin ta ji ta gam, ta sake ja, sai a sannan idonta ya kai kan sabon kwadon da aka maƙala masa. Tukwane tara, kaskon suya, kwandon tace taliya, duk suna ciki a kulle! Abin da aka bar mata a kan risho shi ne wata tsohuwar tukunya ƙatuwa mai kunne ɗaya, ga shi mutum goma sha ɗaya ne za su ci abincin rana a gidan yau. Ta zauna a kan tayil, hawaye na bin kumatunta. "Ya Allah, Kai ne gatana... Ka san ban ci amanar kowa a gidan nan ba. Kada Ka bari a raba ni da 'yata!"

Amarya dai suna ne kawai ya bi ta, don shekararta shida a gidan, kuma wata bakwai ke nan da mijinta, direban babbar mota, ya rasu a hatsari. Marainiya ce tun tana ƙarama, ba ta da kowa sai 'yarta Shalele mai shekara huɗu da surukinta Baba, dattijon da ya riƙe ta da mutunci. Ana gama zaman makoki yayar mijin, wadda kowa ke kira Yaya Babba, ta tattaro ta dawo gidan da sunan kula da mahaifinta. Sana'arta sayar da tukwane da kwanuka, kuma kafin a ankara kwalayenta sun cinye falo, sun cinye baranda, saura ɗakin sama mai iska inda Amarya ke kwana da 'yarta. Daga ranar da ta ƙyalla ido a kan ɗakin nan ta sa baiwar Allah a gaba. In kofi ya fashe, Amarya ce. In famfo ya ɗiga, Amarya ce. Da Baba ya daina cin abinci saboda kewar ɗansa, har wuyan rigarsa ya yi masa yawa, sai Yaya Babba ta bi dangi a waya ɗaya bayan ɗaya tana kuka ba hawaye: "Girkin yarinyar nan zai kashe mana uba! Ko ruwan zafi ba ta iya ba!" Shi ya sa aka tsayar da yau. Dangi za su ci abinci su gani da idonsu, daga nan a sallami Amarya ta nemi inda za ta, Shalele kuwa ta zauna a hannun gwaggonta. Da sassafe Yaya Babba ta ɗauki Baba zuwa ganin likita, ta bar mata kwado.

Tana nan zaune sai ta ji ɗan hannu mai ɗumi yana share mata fuska. Shalele ce, da rigar barci da takalmi wari ɗaya.

"Mama, ki daina kuka. Ki yi mana na Abba."

Na Abba! Amarya ta ɗago ta dubi tukunya mai kunne ɗaya, sai ga dariya ta kufce mata a tsakiyar kuka. Ai marigayin duk ranar da ya dawo daga doguwar tafiya sai ya kore ta daga gaban risho, ya ɗaura tawul a ƙugu yana cika baki wai yau za a ci girkin maza, kuma bai taɓa ɓata tukunya biyu ba. Tana tsaye a gefensa tana yi masa tsiya har ta iya, sai dai tun da ya rasu ba ta sake yi ba, don ƙamshin kaɗai ya isa ya karya mata zuciya. Ta miƙe ta ɗaure ɗankwali tamau, ta yi bismilla, ta dirje tukunyar nan da soson ƙarfe har ta soma ƙyalli.

Allah Ya taimake ta, firji ba a kulle shi ba. Ta zuba mai, ta yanka albasa uku manya ta watsa, ta bi su da tafarnuwa, sannan ta juye niƙaƙƙen naman sa ta baza shi da ludayi. Ba ta yi gaggawar juyawa ba, ta bar shi ya kama ƙasa kaɗan ya yi ja, yadda mai girkin ya koya mata. Ta zuba yankakken tattasai, ta barbaɗa garin jan tattasai marar yaji har cokali uku, ta farke gwangwanin tumatir biyu, ta tsaida ruwa, ta sa gishiri ta rufe. Kafin minti ashirin ƙamshi ya cika kicin, ya haura bene, ya tsallaka katanga, har maƙwabciya ta leƙo ta taga tana tambaya ko biki ake ba a gaya mata ba. Shalele ta samu murfin roba tana kaɗawa tana tsalle, uwar na juya miya tana taya ta da kai, rabonta da irin wannan nishaɗi tun kafin rasuwar. Da romo ya yi kauri sai ta ɗauko makaroni ɗanye, leda uku, ta juye shi kai tsaye a ciki. Muryar marigayin ta dawo mata tar: "Kada ki tausaya masa, bar shi ya sha romon nan ya ƙoshi!" Ta rage wuta, tana juyawa a kai a kai don kada ya kama, hawaye na sauka, baki na murmushi. Da ya nuna ta gurza cuku a sama, ta mayar da murfi ta kashe risho.

Ƙarfe ɗaya dangi suka cika falo, suna raɓe-raɓe tsakanin kwalaye. Yaya Babba ta shigo riƙe da hannun Baba, fuskarta fal annuri, ta riga ta shirya jawabin da za ta yi a kan kicin mai sanyi. Ƙamshin da ya tare ta a bakin ƙofa ne ya fara dagula mata lissafi. Amarya ta shigo da tukunyar rungume da tsumma, ta dire ta a tsakiyar tabarma, ta buɗe... tururi ya tashi, ba ka jin komai sai haɗiyar yawu.

Tela, ƙanin marigayi, wanda ba ya rabo da tsokanarta, shi ya fara kai cokali. Ya lumshe ido, ya daɗe bai buɗe ba. "Matar Yaya, ki ji tsoron Allah! Shekara shida kina ɓoye mana wannan? Wallahi kunnena motsi yake, ku duba ku gani!"

"Ci a hankali dai, kada ka haɗiye cokalin, ba mu da wani," in ji Amarya, tana sunkuyar da kai.

Aka fashe da dariya. Wata daga cikin dangi wadda ta ce likita ya hana ta nama ita ta fara miƙo faranti a ƙara mata, Tela kuwa santi ya kwashe shi har ya yi alkawarin ɗinka wa kowa kaya kyauta, aka ce an ji kuma an riƙe. Amma idon Amarya na kan Baba. Dattijon ya ɗebi cokali ɗaya ya tauna, ya tsaya cak. Ya ƙara na biyu, ya ƙara na uku, bai ɗago ba sai da ya share farantin tas, sannan ya tura shi gaba a hankali. "A ƙaro mini." Tela ya ajiye cokali ya ɗaga hannu sama yana hamdala, ƙwalla ta cika masa ido.

Yaya Babba ta ji kamar ta haɗiyi garwashi. Ta faɗa kicin ta duba wurin wanke-wanke, ba tukunya ko ɗaya, ta dawo a guje tana tafa hannu.

"Ku dakata! An yaudare ku! Sayo shi ta yi a gidan abinci ta juye a nan!"

"Yaya, wallahi da hannuna na dafa..." in ji Amarya, Shalele ta ruƙunƙume ta.

"Rufe mini baki, maƙaryaciya! Shekara ashirin ina sayar da tukwane, ni za a koya wa girki? Taliya tukunyarta daban, miya daban, nama daban, sannan a tace a kwando! Da me kika dafa taliyar? Da me kika tace? Ni da hannuna na kulle tukwanen gidan nan kaf, ga makullin!" Ta zaro shi daga jaka ta ɗaga sama tana kaɗawa.

Sai da ta ga yadda idanu suka yi caa a kan makullin sannan ta gane abin da bakinta ya yi mata. Hannun ya sauko a sanyaye.

"Kika kulle?" in ji Tela. "Ranar da kika tara mu cin abinci, Yaya?"

Baba ya ɗaga hannu, kowa ya yi shiru. Ya tsamo makaroni guda ya raba shi biyu da farce, ya nuna wa na kusa da shi. "Ku duba cikinsa, ja ne har tsakiya. Wanda aka dafa daban aka zuba wa miya, cikinsa fari yake zama. Wannan a cikin romo ya nuna. Shekara talatin ina jan babbar mota, tukunya ɗaya gare mu a bayan kujera, a gefen titi muke ɗora ta. Ni na koya wa ɗana wannan girki ranar da ya fara bi na tafiya..." Hawaye suka gangara cikin farin gemunsa. "Na ɗauka ya tafi da shi kabari. Ashe ya bar mini shi a hannun yarinyar nan, ni kuwa ina zaune ana cutar ta a ƙarƙashin rufina!"

Amarya ta durƙusa tana kuka mai sauti, matan da suka zo yanke mata hukunci suka zagaye ta suna share hawaye, wannan na neman gafara, waccan na sa albarka.

"Baba, ni fa don lafiyarka..." Yaya Babba ta fara.

"Ajiye makullin a gabanta. Yau ɗin nan ki kwashe kwalayenki ki koma gidanki, kuma kada ƙafarki ta sake taka kicin ɗin nan sai da izininta. Amarya da Shalele ba inda za su. Wanda zamansu bai yi masa ba, ƙofa a buɗe take."

Haka Yaya Babba ta yi ta jidar kwali tana haɗa gumi, murafe na zubewa suna ƙara har titi, maƙwabta na kallo. Ta nemi Tela ya kama mata, ya ce ta yi haƙuri, hannunsa duk miya ne, kuma bai gama ba tukuna.

Da aka ci aka ƙoshi, Baba ya jawo tukunyar gabansa, ya sa cokali ya kankare abin da ya kama a ƙasa, jajir mai ƙamshi, ya tara a faranti. Ya lura tun ɗazu Amarya rabo kawai take yi, ko loma ba ta kai bakinta ba.

"Matso nan kusa da ni ki zauna. Lokacin da muke hanya, ƙasan tukunya direba ake ba wa, don shi ne ba a iya tafiya babu shi." Ya miƙa mata farantin da hannu biyu. "Karɓi, 'yata."

Amarya ta karɓa, ta ɗora Shalele a cinya, suka ci tare.