Jumare Ya Ce Bai Sani Ba

Ranar kasuwar Makarfi Jumare ya fara ganinta, shekara huɗu bayan samun mulkin kai. Yana tsaye a bayan motar jam'iyya da lasifika a hannu, yana zuba alkawura kamar ba gobe, sai ya hango wata budurwa a rumfar mazarƙwaila tana kallonsa ba ko murmushi. Nan take magana ta ɓace masa, mutumin da ake cewa ko a barci bakinsa ba ya hutawa!

Da ya sauko, rumfar ya nufa.

"Sannu da kasuwa, 'yan mata. Daga ina?"

"Daga Dandamisa. Ummulhairi, 'yar Malam Uwaisu. Na ji ka ce za a yi mana gada. Yaushe?"

"Ai wannan tambaya ce mai muhimmanci ƙwarai…"

"To, a ba ta amsa mana," ta ce, ta ci gaba da jera mazarƙwailarta.

Shi ke nan Jumare ya kamu. Gwaggonta Adama, mai rumfar, ita ta zama mai kai wasiƙa duk mako, a rubutun ajami. Wata huɗu ana haka, sai ga wannan:

"Hairina, sanyin idona. An zaɓe ni in je Kaduna in wakilci jam'iyya a muhawarar talabijin ranar Asabar. Ki roƙi Malam ya zo Makarfi ya gan ni, ya san ba gidan banza za ki ba. Naki, Jumare."

Kaico, da ya sani da bai gayyata ba. Akwatin talabijin ɗaya ne a garin, na Tanko dillalin rake, wanda shi ma Ummulhairi yake nema. Da murnarsa ya tayar da injin wuta bayan magariba, ya shimfiɗa wa Malam buzu a sahun gaba.

Mai gabatar da shirin ya dubi Jumare ya ce, "Damina uku ana alkawarin gadar Dandamisa. Yaushe za a fara?"

Jumare ya yi abin da manyansa suka koya masa, wato tambaya ba a amsa ta, kewaye ta ake yi. "Na gode da wannan tambaya. Amma kafin nan, mu tuna inda muka fito." Ya bi ta kan Turawa, ya bi ta kan kuɗin gyaɗa, ya sauka a kan abokan adawa, har lokaci ya ƙare. 'Yan kallo suka yi ta tafi. Malam ya naɗe buzu ya miƙa wa mai shi.

Da magabatan Jumare suka zo daga garinsu Kudan da goron neman aure, Malam bai ɗaga murya ba.

"Mu a zauren nan, wanda aka tambaya abin da bai sani ba, cewa yake yi ban sani ba, kuma malamanmu sun ce rabin ilimi ke nan. Ɗanku an yi masa tambaya ɗaya, ya ba da amsa goma, babu ta abin da aka tambaya. Gobe in 'yata ta ce ko akwai hatsi a rumbu, tarihin Turawa zai ba ta? Ku ɗauki goronku."

Wasiƙarta ta ƙarshe gajera ce.

"Yayana, Baba ya rufe magana, Tanko kuma ya turo. Na yi kuka har na gaji. A bakin rafin nan da ake alkawarin yi wa gada Innata ta cika, tana naƙuda, ana jiran ruwa ya janye a kai ta asibiti. Ban taɓa faɗa maka ba don bakina ba ya iyawa. Ka yafe ni."

Jumare ya karanta, kunya da baƙin ciki suka hana shi cin abinci kwana biyu.

Bayan wata guda aka sake kiransa shirin. Tanko da kansa ya ɗauko Malam, don a ƙarasa binne abokin takara. Tambayar ta sake zuwa. Jumare ya dubi mai gabatarwa.

"Ban sani ba," ya ce. "Na tambaya a ofis, babu wanda ya sani. Ko takardar aikin ban gani ba. Mutanen Dandamisa su gafarce ni."

Kafin ya fita daga ginin an karɓe makullin motar jam'iyya. A bayan motar itace ya dawo. Babu wanda ya kira shi gwarzo, a kasuwa ma wawa aka ce masa. Ya koma gonar raken mahaifinsa a Kudan, bai ko rubuta mata ba, don bai ga da wane ido zai yi ba.

Malam ne ya aika a dawo da goro.

Da rani aka ɗaura auren, ba mota ba makaɗa. Amarya ta yi kukan murna, Gwaggo Adama ta rangaɗa guɗa. Da taro ya watse, Malam ya kira ango gefe.

"Gada ba za a yi ta ba, ni da kai mun sani. Al'ada ta ce haihuwar fari a gidan iyaye ake yi. To, na yafe. In Allah ya kawo rabo, kada ka kawo mini ita. Ka riƙe ta can kusa da asibiti."

"In sha Allahu, Allah ya gafarta Malam."

Tsohon ya kawar da kai don kada a ga idonsa. "Allah ya yi muku albarka, ya ba ku zuri'a ta gari. Ku tashi ku tafi tun da sauran rana."