Ɗaki Biyu a Kwamfutar Mama

Akwai wata yarinya 'yar aji shida, ita ce auta a gidansu. Tana da kai sosai. Amma tana da gaggawa, kuma ba ta son tambaya. Wannan hali ba shi da kyau, ko da yaro ya fi kowa ƙoƙari a aji.

Mamanta mai ɗinki ce. A ɗakin ɗinkin akwai keken surfani. Kusa da keken akwai tebur, a kansa kuma akwai wata tsohuwar kwamfuta mai naɗewa. A cikinta Mama take ajiye zanen surfaninta. Furanni, ganyaye, tsuntsaye, duk ita ta zana su da kanta. Aikin shekara takwas ne, kuma babu su a ko'ina sai nan.

Kwamfutar tana da nauyin tashi. Kullum da safe Mama za ta danna maɓalli, ta wuce kicin ta ɗora ruwan shayi. Kafin ta dawo, kwamfutar ta gama tashi.

Ranar Alhamis malamar kwamfuta ta shigo aji da wata tsohuwar kwamfuta. Ta kunna ta. Kafin yara su gyara zama, har ta tashi.

"Malama, me kika ba ta ta sha?" in ji wani yaro. Aji ya kwashe da dariya.

"Sabon tsari na zuba mata," in ji Malama. "Tsari shi ne babbar manhajar da ke tafiyar da kwamfuta duka. Wannan sunansa Linux, kuma a buɗe yake. Mutane da yawa ne suka haɗu suka gina shi. Kowa yana iya ɗauka kyauta, ya duba cikinsa, ya gyara, ya ba wani."

Auta ta ɗaga hannu har tana ɗagowa daga kujera.

"To, tsohon tsarin fa? Ya tafi ke nan?"

"Yana nan. Na raba ma'ajiyar kwamfutar gida biyu, kamar ɗaki biyu a gida ɗaya. In kin kunna, za ta tambaye ki wanda za ki shiga."

Malama ta nuna musu yadda ake yi, mataki bayan mataki. Sannan ta rubuta doka uku a allo. Ka nemi izinin mai kwamfuta. Ka kwafe duk abin da ke ciki zuwa wani wuri. Ka yi aikin da babba a kusa.

Da aka tashi, Auta ta je aron filashin da sabon tsarin yake ciki.

"Mamanki ta yarda?" in ji Malama.

"Za ta yarda, Malama."

"Ban ce za ta ba. Ki tambaye ta kafin ki taɓa komai."

"To, Malama."

Ta ce to, amma ba ta tambaya ba. Ta san Mama za ta ce a bari sai ta samu sarari. Ita kuwa Auta ba ta iya jira.

Ranar Lahadi da rana Mama ta tafi kasuwa sayen zare. Kaka tana zaune a bakin ƙofa tana gyangyaɗi. Auta ta lallaɓa ta shiga ɗakin ɗinki, ta buɗe littafinta, ta soka filashi.

Ta karanta doka ta biyu, wadda ta ce a kwafe kaya. Ta ce a ranta, wannan zai ci lokaci, ai ba abin da zai faru. Ta tsallake.

Ta bi matakan ɗaya bayan ɗaya. Ta zaɓi a zuba sabon tsari a gefen tsohon. Ta raba ma'ajiyar biyu. Wani layi ya fara tafiya a hankali a fuskar kwamfutar. Ta zuba masa ido har ya kai ƙarshe.

Ta kashe, ta kunna. Sai ga baƙin shafi da farin rubutu. Sabon tsari a sama, tsohon a ƙasa. A gefe lamba tana ƙirgawa daga goma zuwa ɗaya.

Ta shiga tsohon. Furannin Mama suna nan, ko ɗaya bai ɓata ba. Ta sake kunnawa ta shiga sabon. Nan da nan ya tashi, fes, da sababbin launuka. Auta ta miƙe ta yi tsalle, ta zagaya keken surfani sau biyu.

"Ke Auta, me kike wa dariya ke kaɗai?" in ji Kaka daga ƙofa.

"Ba komai, Kaka."

"Ba komai ɗin nan naki ne ya ƙona mana labule bara."

Auta ta rufe kwamfutar. Ta ce sai ta ƙawata sabon ɗakin tukuna, sannan ta nuna wa Mama ta ba ta mamaki. Abu ɗaya ne ba ta yi tunaninsa ba. In daƙiƙa goma ta wuce ba a zaɓa ba, kwamfutar da kanta take shiga tsarin da ke sama.

Ranar Litinin Auta ta tafi makaranta. Mama ta danna maɓalli, ta wuce kicin kamar kullum. Da ta dawo da kofinta, sai ta tsaya cak. Fuskar kwamfutar ta canza. Babu furanni, babu tsuntsaye, babu manhajar da take aiki da ita.

Ta kashe, ta kunna, ta fita kiran Kaka ta zo ta gani. Suka dawo suka tarar da abin nan dai. Ta kunna karo na uku, ta rufe ido tana addu'a. Kafin ta buɗe, daƙiƙa goma ta wuce.

Wata mata ta zo a yi wa rigarta fure. Mama ta ba ta haƙuri, ta koma da rigarta a hannu. Daga nan Mama ta sa kwamfutar a jaka, ta nufi shagon mai gyara.

"An goge mini komai," in ji ta.

Mai gyara yana da aiki a gabansa. Ya leƙa fuskar kwamfutar sau ɗaya.

"In an goge, Hajiya, sai haƙuri. Zan wanke ta tas in mayar miki da irin tsarin da kika saba. Ƙarfe biyu zan hau kanta."

Wanke kwamfuta kuwa shi ne a share duk abin da ke cikinta, ɗaki biyun duka.

Ƙarfe biyu saura kwata Auta ta dawo gida da murnarta. Ta shiga ɗakin ɗinki. Teburin wayam.

"Kaka, ina kwamfuta?"

"Tana wurin mai gyara. Zanen uwarki duk ya ɓace. Tun safe ba ta sa komai a bakinta ba. Ya ce ƙarfe biyu zai wanke ta."

Auta ta kalli agogon bango. Jakarta ta faɗi ƙasa.

"Ke, ina za ki?"

Tuni Auta ta kai ƙofar gida. Ta yi gudu ta wuce mai facin taya, ta wuce shagon aski. Takalminta ɗaya ya fita, ta ɗauke shi a hannu ta ci gaba. A bakin babban titi ta tsaya dole, motoci suna ta wucewa, tana ta tsalle a wuri ɗaya. Da hanya ta buɗe ta tsallaka.

Shagon mai gyara ƙarami ne. Wayoyi a buɗe a kan tebur, ƙamshin dalma ya cika wurin. Mama tana zaune a benci, idonta ya yi ja. Kwamfutar tana gaban mai gyara da filashinsa a jiki. A fuskarta akwai tambaya, ko a share komai. Yatsansa yana kan maɓalli.

"Baba, don Allah dakata!"

Mai gyara ya ɗaga yatsa. Mama ta miƙe.

"Me ya kawo ki nan da takalmi a hannu?"

Auta tana haki. Ta sunkuyar da kai.

"Mama, zanenki bai ɓace ba. Ni ce na zuba sabon tsari jiya. Naki yana nan a ɗaya ɗakin."

"Wane ɗaki? Yarinyar nan, kina cikin hankalinki?"

"Bar ta ta nuna mana, Hajiya," in ji mai gyara. Ya zare filashinsa, ya matsa mata.

Auta ta kashe kwamfutar. Ta juyo ta ce musu:

"Kowa ya kalli nan. Kada wanda ya juya."

Ta kunna. Baƙin shafi ya fito, lamba ta fara ƙirgawa. Ta danna kibiyar ƙasa, ta zaɓi tsohon tsari. Ya fara tashi da nauyinsa na kullum. Auta ba ta taɓa ganin jira mai tsawo irin wannan ba.

Sai ga furanni. Sai ga tsuntsaye. Mama ta buɗe su ɗaya bayan ɗaya, har ta kai kan zanenta na farko, wani ganye mai karkataccen baki. Ta ɗora yatsa a kansa. Hawaye ya zubo mata, tana dariya.

Mai gyara ya cire tabarau ya goge fuska.

"Ni ma da laifina. Na ji magana, ban tsaya na duba ba. 'Yata, aikin ya yi kyau, ko ni haka zan yi. Kin kwafe kayan kafin ki fara?"

"A'a, Baba."

"To, da yatsan nan ya sauka, ba mai dawo da su."

A gida Mama ta zaunar da Auta a gaban keke.

"Kwamfutar ta wace ce?"

"Taki ce, Mama."

"Kin tambaye ni?"

"A'a."

"Da kika gama, kin faɗa mini?"

"Na so in ba ki mamaki ne."

"Ai kin ba ta," in ji Kaka. "Har da ni, kyauta."

Mama ba ta yi dariya ba.

"Ba iyawarki nake faɗa da ita ba, Auta. Na ji daɗi da kin iya. Amma magana ɗaya daga bakinki da ta hana ni kukan yau."

"Ki yafe mini, Mama. Ba zan ƙara ba."

Mama ta yafe mata, amma sai da ta yi hukunci, kuma haka ya kamata. Mako guda Auta ba ta shiga sabon ɗakinta ba. Ita ta je gidan matar nan mai riga ta ba ta haƙuri, ta karɓo rigar. Ita ta mayar wa Malama filashi, ta faɗa mata gaskiyar abin da ta yi.

Ranar Asabar suka zauna tare, ita da Mama. Suka kwafe zanen duka a filashi biyu. Auta ta mayar da tsohon tsari sama, don in Mama ta tafi ɗora shayi, kwamfutar ta shiga ɗakinta. Ta kuma rubuta a takarda da manyan baƙaƙe, na sama na Mama, na ƙasa na Auta. Ta manna a gefen fuskar kwamfutar.

"To, shigar da ni ɗakin naki in gani," in ji Mama.

Auta ta danna kibiya. Nan take ya tashi.

"Har ya gama? Ko ashana ban ƙyasta ba."

Ta nuna mata wata manhajar zane da ke ciki. Mama ta ja layi ɗaya, ta ja na biyu, sai ga fure. Ta gyara zama ta ce a kawo mata shayinta nan.

Yara, ku riƙe wannan. Abin da ba naka ba, ka nemi izini kafin ka taɓa. In za ka gyara, ka ajiye kwafi tukuna. In kuma ka canza wani abu a gida, ka buɗe baki ka faɗa wa masu amfani da shi. Auta ta koyi haka, kuma har yau furannin Mama suna nan.