Gashin Kazar Jatau

A shekarar da jirgin ƙasa ya iso Gusau, Jatau ya rako wani abokin aikinsa na reluwe zuwa rumfar kutare da ke hanyar Bunguɗu. Wasu sistoci biyu ne ke riƙe da wurin, Kiristocin gari 'yan ƙalilan na taya su don Allah.

Can nesa Jatau ya toge yana toshe hanci. Wata budurwa da ke wanke gyambon wani tsoho ta ɗago kai.

"Malam, in tsayuwa taka kawo ka, ga tulu can ba ruwa."

Kunya ta sa ya ɗauki tulun. Abin da ya mai do shi washegari kuwa ba kunya ba ce. Sunanta Hanatu, marainiya, a hannun sistocin ta tashi. Shi kuwa ta raɗa masa Sarkin Tulu.

Kafin damina ya bar reluwe, ya koma aiki a rumfar. Babbar Sista ta koya masa gwajin gashin kaza: mai tabo a fata ya rufe ido, a shafa masa gashin a kan tabon. In ya ce ya ji, lafiya lau. In ya yi shiru, kuturta ce. Jatau ya tsani wannan shirun.

Da yake Hanatu ce ta koya masa boko, ita ya fara dama da wasiƙa, yana ce mata Hanata:

"Hanata, na cika tulu shida yau, ba ki ce sannu ba."

Ta amsa a bayan takardar: "Sarkin Tulu, sannu. Saura na bakwai."

Da ya je ƙauyensu na wajen Tsafe da maganar aure, mahaifiyarsa Inno ta ajiye muciya.

"Hannun da ka wankin kutare shi za ya tuƙa min tuwo? Ga Saude nan ɗiyar ƙanena, mi ta rasa?"

Shekara guda yana zarya. Daga ƙarshe Inno ta gaji.

"Kai ka duba mutane, ko ba haka ba? Duba ta da hannunka. In lahiya take, kawo min ita."

Ya dawo yana murna, bai san wuƙa aka ba shi ba. Da ya faɗa wa Hanatu, ba ta yi dariya ba. A gaban Sista ta naɗe hannun riga. Ga wani tabo fari-fari a damtsenta, wata uku tana ɓoye shi.

Ta rufe ido. Ya shafa gashin a wuyan hannunta.

"Na ji."

Ya shafa a kan tabon. Shiru. Ya sake, ya kuma sakewa. Ya ɗaga hannu sama. Ita kuwa ta san aikin nan kamar yunwar cikinta, ta san abin da dogon shiru yake nufi.

"Na ji," in ji ta a hankali.

Hannunsa na sama a lokacin, gashin bai taɓa ta ba. Wannan ce ƙaryar farko da ta taɓa yi masa, kuma saboda shi ta yi ta. Sista ta juya baya tana share ido.

Aka fara yi wa Hanatu allurar mai, wadda zafinta ya fi amfaninta yawa. Bayan kwana uku takarda ta iso masa:

"Jatau, na sake ka. Na wanke hannuwan da ba yatsu, na san inda nawa za su. Ka auri Saude. Kada ka amsa."

Bai amsa ba. Ya kama hanyar Tsafe a ƙasa. Da ya ga dama da ya ce wa Inno lafiya lau, tunda tabon riga na rufe shi. Ya durƙusa ya faɗi gaskiya.

"To ka san sharaɗina," in ji Inno.

"Na sani, Inna. Yahe min nika roƙo, don ba ni iya bari nata."

Ta shige ɗaki ta saki asabari. Ya daɗe a durƙushe kafin ya tashi.

Wata biyu Hanatu tana ƙin sa, shi kuma kullum yana cika tulu bakwai a ƙofarta. Ranar da ta gaji ta ce, "Za ka yi nadama," ya ce ya ji, kuma ya yarda.

Daga danginsa ba wanda ya zo bikin aurensu. Ana gobe ɗaurin aure wani farke ya kawo ƙwarya cike da lalle da saƙon Inno: ba ta yarda ba, amma amarya ba ta shiga ɗaki da farin hannu. Hanatu ta rungume ƙwaryar ta yi kuka mai isarta.

Wani Fada, limamin coci, ya zo a jirgi ya ɗaura auren a ƙarƙashin rumfar. Kutare suka yi tafi, tafin da ba ya ƙara, tsofaffin matan suka rangaɗa guɗa. Tsohon nan mai gyambo ya ɗaga dungun hannunsa ya ce, "Allah shi yi muku albarka, shi bar ku tare." Kowa ya ce amin.

Jatau ya kama damtsenta, daidai kan tabon. Sabo ya sa ta rufe ido.

"Kin ji, Hanata?"

Ta girgiza kai, hawaye na zuba. "Ban ji ba."

"To buɗe ido ki gani."

Ta buɗe. Hannunsa na nan.