Wuyan Fok ɗin Si Mulud

Ran Sufeto Bushaib Zarwali a ɓace yake tun kafin ya isa garejin. Duk ɓarayin da suka cika Meknes, a rasa abin da za a taso shi a kai sai tsohon ƙarfen keke!

Mai ƙarar, Si Mulud, tsohon direban jirgin ƙasa ne, dogo sosai, sai ya sunkuya yake shiga garejinsa. Ya nuna wata ƙusa a bango.

"Nan na rataye shi, yallaɓai. Fok ne."

"Mene ne kuma fok?"

"Ƙarfen nan mai ƙafa biyu da ke riƙe tayar gaba. Nawa mai shokozoba ne, irin na farko-farko da aka yi wa kekunan hawan dutse."

Sufeto ya duba. Kwaɗon ƙofa lafiya lau. Kusa da ƙusar ga wani fok sabo fil, ko motsa shi ba a yi ba.

"Ɓarawo ya bar sabo ya ɗauki tsoho? To ka ɗaura wannan mana, kowa ya huta."

"'Yata ce ta sayo shi, ba ta sani ba. Wuyansa ya yi kauri, ba ya shiga jikin keken."

Tsohon ya yaye wani bargo, sai ga firam ɗin keke kore, an goge shi tas.

"Na ƙanena Abdelilah ne, Allah ya jiƙansa. Da shi muke hawan duwatsun Azru. Dogo ne kamar ni, shi ya sa firam ɗin babba. Sai fok mai siririn wuya, dogo, wanda zarto bai taɓa ba. Duk wanda na samu an riga an yanke shi, sai wannan da aka sace. Tun da sauran baƙi a gashina nake nema."

Sufeto ya daina murmushi. "Wa ya san inda kake ajiye makulli?"

"Abokaina masu tsofaffin kekuna. Nan muke shan shayi duk Juma'a bayan mun ci kuskus. Amma su 'yan'uwana ne."

Daga nan Sufeto ya wuce kasuwar gwanjo, wajen Mbarek, wanda ya sayar wa Si Mulud da fok ɗin da aka sace.

"Akwai wanda ya nemi fok ɗin nan bayan Si Mulud?"

"Ko mutum ɗaya, yallaɓai."

"To rufe rumfar, ka ƙarasa tunawa a ofishinmu."

"Haba, yallaɓai, daga tambaya?" Mbarek ya sauke murya. "Su biyu suka zo zaɓe, shi da Si Tahar mai kantin magani. Na fito musu da mai shokozobar iska da mai ta roba. Si Tahar ya dinga kushe mai robar, wai robar ciki ta narke, wai kada ya saya. Si Mulud dai wuyan kawai ya auna, ya rungume abinsa. Da la'asar sai ga Si Tahar shi kaɗai, wai in je in karɓo kayan in ce an yi kuskure, shi zai saya. Na ce ban iya wannan ba."

"Robar ta narke da gaske?"

"Duk na zamanin haka suke, canzawa ake yi." Ya miƙo yatsunsa, farcen duk rawaya. "Ka gani? In narkakkiyar robar ta taɓa ka, sabulu ba ya fitar da ita. Kuma in ka ga kayan za ka gane, jan fenti nake ɗigawa a saman wuya."

Sufeto ya wuce kantin maganin. Si Tahar gajere ne mai fara'a, sanye da farar rigar aiki. Har shayi ya sa aka kawo.

"Wallahi na yi baƙin ciki, yallaɓai. Ni fa na raka shi ya saya. Amma tsakani da Allah, fok ɗin ba abin kirki ba ne."

"Me ya sami farcenka ya yi rawaya haka?" Sufeto ya tambaya.

"Maganin tari ne ya zube."

Sufeto ya ajiye kofin shayinsa. Idonsa na kan teburi, inda aka tsayar da biro cikin wani guntun bututun ƙarfe. Ya zare biron, ya juya bututun. Bakinsa na ƙasa yankan zarto ne, sabo. A samansa ga ɗigon jan fenti.

"Wannan ma maganin tari ne?"

Fara'ar ta gudu. Si Tahar ya zauna jagwab.

"Yana bayan kanti, a jikin kekena. Firam ɗina ƙarami ne, dole na rage wuyan."

"Ka yanke shi? Mutumin da kake cin kuskus a gidansa!" Sufeto ya daki teburin. "Kuma ka rasa inda za ka ajiye guntun sai gaban jama'a?"

"Mu ba ma jefar da tsohon ƙarfe," in ji Si Tahar a hankali. Sai kuma ya ɗago da zafi. "Shi fa kallon keken kawai zai riƙa yi yana hawaye. Ni hawa zan yi!"

Wallahi Sufeto ya sha ganin ɓarayi, amma bai taɓa jin son marin wani kamar yau ba.

Aka kwance fok ɗin, aka tafi garejin da shi da mai laifin. Si Mulud ya karɓa da hannu biyu, bai kalli abokinsa ba. Ya zura wuyan cikin firam ɗin kore daga ƙasa, ya tura har ƙarshe. Wuyan bai leƙo ta sama ba. Tsohon ya sa yatsa cikin ramin yana laluben inda ya tsaya.

"Ba za a iya yi masa walda ba?" Sufeto ya tambaya.

"Nan ne duk nauyin mutum yake in ana gangara. Ba zan ɗora ɗan Abdelilah a kan walda ba. Shi na so in ba wa keken."

"Zan nemo maka wani, Si Mulud," in ji Si Tahar. "Na rantse."

"Tare muka nema, Tahar. Ka san babu."

Sufeto ya danna wa Si Tahar ankwa, ya tisa ƙeyarsa zuwa mota. Da ya waiwaya, tsohon na mayar da bargon a kan keken.