Kwalbar da Ba a Auna Ba

Ranar Asabar ce, la'asar ta yi sanyi, Inna Tanne ta miƙa wa ɗanta Tahiru ƙullin maganin tari, ta ce ya kai wa kawunsa a ƙauye, can kan hanyar Sanam.

Tahiru bai so ba. Kwana biyu kacal ya samu na hutu, kuma ya baro Yamai ya zo Filinge ne don ya miƙe ƙafa a zaure ya sha hura, ba don ya koma ɗan aike yana da shekara arba'in da ɗaya ba. Sai dai tun da aka haife shi bai taɓa cin Inna a gardama ba.

"Ka tahi da wuri, ka komo da wuri," in ji ta. "Hanyar nan ba ta son magariba. Ƴan Babule na sintiri."

Babule, ga wanda bai san Kurfai, ƙasar su Filinge, ba, iskoki ne masu kayan soja. Tun zamanin Nasara suka bayyana a ƙasar, da kumandansu da kafaran ɗinsu, wato kofur, da faretinsu, kuma an ce wuta abincinsu ce. Tahiru ya san su tun yana yaro, a bakin tsofaffi da wurin wasan bori. Daga baya ya yi karatun injin jirgin sama shekara huɗu a ƙasar waje, kuma ba a taɓa kawo su a jarrabawa ba.

"Inna, sojan Yamai sun ishe ni," ya ce yana tada moto, wato babur ɗinsa. "Ba sai kin ƙaro min na iska ba."

Gaskiya ya faɗa, don jiya jiya ya sha fama da ɗaya. Aikin Tahiru shi ne duba jiragen fasinja kafin a ba su izinin tashi. A bayan kowane inji akwai kwalbar ƙarfe mai kamar ƙaramin tulu, cike da maganin kashe wuta. In inji ya kama a sama, matuƙi ya ja hannu guda, kwalbar ta zazzage cikinta, shi ke nan. Doka ta ce duk wata shida a kwance kwalaben a ɗora su kan ma'auni, domin allurar agogon da ke jikinsu takan cije ta tsaya a kan kore ko da cikin ya tsiyaye.

Ranar Juma'a ma'aunin yana wurin gyara. Kwance kwalaben kuma aikin rabin yini ne. Kafitan ɗin soja da aka ɗora wa ƙaramin kamfanin jiragen ya tsaya a kansa yana kallon agogon hannu.

"Mushe Tahiru," ya ce, wato Malam Tahiru a bakin masu Faransanci, "jirgin Agadas zai tashi Lahadi da ƙarfe shida. Ko kana da wata shawara da za ka ba gwamnati?"

A shekarun nan na mulkin soja, mutum mai iyali ba ya yawan samun shawarar da zai ba gwamnati. Ibrah makaniki ya sunkuyar da kai yana goge hannu da tsumma. Tahiru ya leƙa allurar dama, kore. Ya leƙa ta hagu, kore. Ya kwafi nauyin da aka rubuta wata shida da suka wuce, ya rubuta an auna, ya buga hatimi, ya sa hannu, ya kulle takardar a aljihun tebur. Ko barcinsa abin bai taɓa ba.

Yanzu ga shi bisa hanya. Duwatsun gefen kwari sun yi ja, shanu suna komowa, hayaƙin kara yana tashi daga bukkoki. Ya wuce rijiya ta ƙarshe. Ya wuce gonakin da aka share ana jiran ruwa. Daga nan sai gawo da yashi.

A wata kwana ya tarar da shinge, igiya ɗaure tsakanin ganguna biyu.

Bai yi mamaki ba. A lokacin, shinge ya fi rijiya yawa. Ya kashe moto, ya laluba aljihu.

Da injin ya mutu ne ya lura babu kukan komai. Ba tsuntsu, ba akuya, ba iska.

Sai wari. Man jirgin sama ne, wanda ya ƙone rabi. Tahiru ya san warin nan kamar yadda ya san muryar uwarsa, kuma jirgi mafi kusa yana Yamai, tafiyar rabin yini.

Wani soja ya fito daga bayan ganga. Jar hula, jar ɗamara, kaki irin wanda aka daina ɗinkawa tun kafin a haifi Tahiru. Ba takalmi. Kumfa ta bushe a gefen bakinsa.

"Takarda."

Tahiru ya miƙa katinsa. Sojan ko dubawa bai yi ba.

"Ba wagga ba. Kumandan na jiranka."

Tahiru ya so ya ce sauri yake yi. Ya buɗe baki, ya ga ƙafafunsa sun riga sun bi sojan.

A bayan tudu akwai fili. Mutane zaune a kan yashi, biyu a dama, biyu a hagu, da ƴar hanya a tsakani. Layi goma. Babu kujera, amma kowa ya jingina baya kamar akwai. Hannuwa bisa cinya, ido gaba. Daga ƙarƙashin ƙasa wani gurnani yake fitowa a hankali, yana shiga ta tafin ƙafa.

Ya san tsarin nan. Jiya ya bi ta tsakiyarsa da fitila a hannu.

A gaba, gindin gawo, akwai tebur da kaskon garwashi. Wani dogo yana zaune, ya soke damin kara mai ci da wuta a hammata kamar sandar girma. Wutar tana lasar rigarsa. Rigar ba ta damu ba.

"Mushe Kontrolar," in ji Kumandan, murya ƙasa ƙasa, yana kiransa da sunan muƙaminsa. "Wagga taka ce?"

Ya ɗaga takarda. Shuɗin hatimi, kwanan watan jiya, da sa hannun nan mai dogon wutsiya da Tahiru ya ɓata shekara guda yana koyo a makaranta. Makullin aljihun teburin yana cikin wandonsa. Ya taɓa, yana nan.

"Tawa ce."

"Ka auna?"

"Allura ta nuna kore."

"Ba allura nika tambaya ba."

A ƙasan teburin kwalabe biyu ne a girke. Kumandan ya nuna su da haɓa.

Tahiru ya ɗaga ta dama, da ƙyar ta bar ƙasa. Ya ajiye. Ya gyara tsayuwa, ya tattara ƙarfi, ya ɗaga ta hagu.

Sai da ya kusa faɗuwa ta baya. Ƙwarya ma ta fi ta nauyi.

"Mu ba ɓarayi ba ne," in ji Kumandan. "Ba mu ɗaukar kowa sai da takarda. Shekaru muna jiran wadda ta cika. Wagga ba ta da aibi: hatimi, kwanan wata, sa hannu. Mutum arba'in, gobe, bayan an wuce garin Tawa kaɗan. Mun gode da aiki."

Gurnanin ƙasa ya canza. Ɓangaren hagu ya soma tari.

Tahiru ya juya. Hayaƙi siriri yana tashi daga kafaɗun mutanen hagu. Wani tsoho mai rawani. Wasu sojoji biyu. Mace mai jinjiri a cinya. Babu wanda ya motsa.

Layi na huɗu, wurin taga, wata mace da zane mai ruwan ganye.

Shi ya sayo zanen.

"Kubura!"

Matarsa ba ta waiwayo ba.

"Kuskure ne," ya ce. "Mota za ta shiga zuwa Agadas. Ranar Litinin. Ni da kaina na..."

"Wani ya fasa tahiya," in ji sojan daga bayansa, dab da kunnensa. "An ba ta wurin yau da hantsi. Ta yi murna."

Bakin zanenta ya fara baƙi.

Tahiru ya durƙusa. Ya roƙa da Hausa. Ya roƙa da Faransanci, da duk ladabin da ake rubuta wa minista. Ya jawo addu'a, ta kakare masa a tsakiya.

"Ku ɗauke ni. Ni na yi laihi. Ku ɗauke ni, ku bar su."

Kumandan ya bi jerin sunaye da yatsa har ƙasa, a natse.

"Babu sunanka."

"Don Allah."

"Ba nan aka kawo wagga magana ba."

"To mi zan yi? Ku hwaɗa min mi zan yi!"

Kumandan ya dube shi karo na farko. Cikin idanun babu fari.

"Takarda ba ta mutuwa sai mai ita ya janye ta. Da hannun da ya sa."

Ya saki takardar cikin kasko. Ta kwanta a kan garwashi, fara fat, ko gefenta bai naɗe ba. Wuta ta rufe ta.

Can nesa, daga wani ƙauye, ladan ya ɗaga murya.

"In ya ƙare, an ruhe buro, ofis ya tashi," in ji sojan.

Tahiru ya miƙa hannun dama. Zafin ya tare shi tun daga nesa, hannun ya dawo da kansa.

Ya sake. Gashin hannunsa ya ƙone. Ya janye.

Ladan ya kai rabi.

Jinjirin nan ya buɗe baki, ba sauti.

Tahiru ya kama wuyan hannun damansa da na hagu, kamar mai jan akuya zuwa mahauta, ya tura shi cikin kaskon.

Ya ji ƙarar kafin ya ji zafin.

Ya damƙe takardar. Ta manne.

"Gardabu!" in ji Kumandan, umarnin soja na a ƙame.

Kawuna arba'in suka juyo gare shi a tare. Har na Kubura.

Ya ruga.

A bayansa sawu ya tashi, ƙafa ɗaya, bugu ɗaya, kamar fareti. Ba sa gudu. Ba sa kuma yin nisa.

Ya taka moto. Shiru.

Ya sake takawa. Shiru. Warin man yana bayan wuyansa.

A ta uku ta kama. Ya murɗa da hannun da ba shi da sauran fata, ya yi ihun da shi kansa bai san yana da shi ba, ya juya kan moto ya nufi Filinge. Bai waiwaya ba sai da ya ga fitilun kasuwa.

Gidan waya a rufe, sai Litinin. Rediyo guda ne a garin mai kaiwa Yamai, na jandarma. Ya tarar da Ajidan Hamani, babban jandarman garin, a bakin ƙofa, ya wanke hannu zai fara tuwo.

"A tsai da jirgin Agadas na gobe. Kwalbar wuta ta hagu ba komi cikinta."

Ajidan ya dubi fuskarsa, ya dubi hannun, ya ture kwanon.

"Ɗan Tanne ne ko? Kai da ke Filinge, ƙaƙa ka san abin da ke cikin kwalba a Yamai?"

Tahiru ya buɗe tafinsa don ya nuna takardar. Babu takarda. Nama ne kawai.

Ya yi tunanin ya ba da labarin shingen. Ya ga yadda za a rubuta shi a rahoto, da yadda jirgin zai tashi ƙarfe shida daidai ana dariya.

"Don ba a auna ta ba," ya ce. "An rubuta an auna."

"Wa ya rubuta?"

"Ni."

Ajidan ya waiga hagu da dama. Ya rage murya.

"Ɗan uwa, ka san zamanin da muke ciki. In na aika wagga magana da sunanka, ba gidan Tanne za ka kwana ba. Ka je likita ya ɗaure ma hannu, ka yi tunani."

"Aika."

"Kana da ɗiya ukku."

"Uwarsu na cikin jirgin. Aika, don girman Allah!"

Ajidan ya tashi ya shiga ɗakin rediyo. Tahiru ya zauna a dakali yana jin ana karanta sunansa harafi harafi, har sau biyu, saboda layin ba kyau.

Jirgin bai tashi Lahadi ba. Ibrah ya aro ma'auni, ya kwance kwalaben a gaban shaidu. Ta dama cike take. Ta hagu an ce ko kyankyaso ba za ta kashe ba, allurarta kuma tana nan kan kore abinta. Kubura ta yini a filin jirgi da kayanta tana faɗa, don an ba ta wuri ranar Asabar kuma an ɓata mata tafiya.

Tahiru ya yi wata bakwai a tsare, aka kore shi daga aiki. Kafitan ya samu ƙarin girma. Bayan an koma mulkin farar hula an aiko masa takarda cewa yana iya neman a maida shi, bai amsa ba. Yatsun sun ƙage, ba sa riƙe alƙalami, kuma bai nuna alamar yana kewarsa ba. Yana Filinge yana gyaran injin niƙa da famfon rijiya. In rana ta yi ja, yakan rufe shago ko da akwai mai jira.

Likitan da ya duba shi ya rubuta cewa faɗuwa ya yi, ya dafa bututun hayaƙin moto. Tahiru ya ce bayanin yana da ma'ana, kuma shi yake ba duk wanda ya tambaya. Sai dai in mutum ya matsa, yakan buɗe tafin ya tara shi gaban madubin moto. A cikin tabon akwai zobe, a cikin zoben akwai rubutu, kuma a madubi ana karanta shi sarai: sunan buronsa, da ranar Juma'ar nan.

Yakan ce shi dai har yau bai gamu da bututun hayaƙi mai kwanan wata ba, amma bai gama ganin duniya ba.