Mai Hoto Ba Ya Ba Da Fim

"Salamu alaikum... nan ne shagon Malam Ishiyaku mai hoto?"

Lubabatu na tsugune gaban tsohuwar adaka tana karkaɗe ambulan, sallamar ta faɗo kunnenta. Ta gane mai ita tun kafin ta ɗago, don muryar nan ko a cikin hayaniyar kasuwa za ta ware ta.

Mahdi ne a bakin ƙofa, jakar laftof rataye a kafaɗarsa. Ya ƙara cika, ya ajiye gemu, amma tsayuwar nan tasa ta jingina da ƙyaure tana nan yadda take.

"Kai ne?..." abin da ya iya fitowa daga bakinta ke nan.

"Ni ne. Yaya Sadiƙ ya kira ni daga Kano, ya ce kuna neman wanda zai gina muku shafin intanet. Ban san ke zan tarar ba."

Wannan kam ƙarya ce tsagwaronta. Daga Rano har Kibiya babu wanda bai san Lubabatu ce ke buɗe shagon nan ba tun da idon mahaifinta ya tafi. Ita ma ta san yayanta Sadiƙ da gangan ya yi, don masu gina shafi ba su ƙare a Kano ba da sai an ɗauko ɗan Kibiya daga Kaduna.

Daga kujerarsa ta lungu Malam Ishiyaku ya karkato kai. "Muryar wa nake ji kamar ta yaron nan da ya ɓata mini fim da dariya?"

Mahdi ya tuɓe takalmi ya durƙusa. "Ni ne, Baba. Mun same ku lafiya? Yaya ƙarfin jiki?"

"Alhamdu lillahi. Ido ne dai ya yi ritaya bai nemi izinina ba. Uwata, kawo wa baƙo ruwa mana."

Haka yake kiranta, don sunan mahaifiyarsa ta ci. Ta miƙe da sauri, ta gode wa Allah da ya ba ta dalilin ficewa.

A bakin randa ta tsaya tana sauke ajiyar zuciya. Shekarun baya, Mahdi ne komai nata. Har magana ta fara zuwa wajen manya sai Inna ta rasu, idon Baba kuma ya soma dishi-dishi, a daidai lokacin da Mahdi ya sami aiki a Kaduna. Ya ce su yi aure su tafi. Ta dubi Baba yana lalubar butarsa a tsakar gida, ta ce ba za ta iya ba. Babu wanda ya hana ta, ita ta hana kanta. Mahdi bai yi faɗa ba, ya dai tafi, kuma tun daga ranar ba wanda ya nemi wani. Ta yi kewarsa har ta gaji da yi.

Da ta dawo ta ajiye kofin a gabansa, ta ɗaure fuska.

"Malam Mahdi, aikin ba mai yawa ba ne."

Ya ɗan dube ta jin wannan malam da aka liƙa masa.

Ta nuna masa adakokin. Fina-finan hotunan da Baba ya ɗauka ne tun yana saurayi: bukukuwan aure, sunaye, saukar karatu, masu dawowa daga Hajji da haƙorin Makka. Daminar bara gara ta shiga adaka guda ta cinye ta tas. Ranar Baba bai ci abinci ba.

"Mutane suna zuwa daga Saji, daga Zurgu, wasu har daga Legas, suna tambayar ko akwai hoton iyayensu," ta ce. "Baba bai taɓa rubuta suna a kan ko ɗaya ba, duk a kansa suke. Ina so a ɗora su inda kowa zai gani, da sunayen, tun Baba yana iya tunawa."

"In sha Allahu za a yi," in ji Mahdi. Muryarsa ta yi laushi.

Haka aka fara. Kullum da hantsi ya iso daga Kibiya a kan babur, ya kafa na'urar da ke kwafe fim zuwa kwamfuta. Lubabatu ta ɗaga fim ta haska a bakin taga ta faɗi abin da ta gani, Baba ya faɗi suna, Mahdi ya shigar.

"Mutum ne dogo, ya dafa keke, ya sa agogo a kan hannun riga."

"Alu na Saji! Keken ma ba nasa ba ne, na shago ne. Rabin samarin ƙasar nan da keken nan suka yi aure."

"Wannan mata ne uku a gaban labule mai zanen jirgin sama."

"Ta tsakiya tana rufe baki da gyale? Laraba ce mai ƙosai. Sai da na yi mata rantsuwa hasken ba ya shan jini."

Su yi ta dariya. Wani lokaci kuma Baba ya faɗi suna, ya ce Allah ya jiƙansa, sai shagon ya yi tsit.

Wata rana ta ɗaga wani ɗan ƙaramin fim, ta tsaya tana kallonsa.

"Me kika gani, Uwata?"

"Wani... ɗan makaranta ne. Ya wage baki, hoton duk ya girgiza."

Baba ya tuntsire da dariya. "Ga shi nan zaune kusa da ke! Fasfo ya zo ɗauka na jarrabawa, wata mara kunya ta leƙo ta bayan labule tana yi masa gwalo."

Mahdi ya sunkuyar da kai yana murmushi. "Har yau ban huce ba, Baba."

Lubabatu, wadda ita ce mara kunyar, ta mayar da fim ɗin cikin ambulan. A ranar ta yarda da abin da take musantawa: son nan bai je ko'ina ba.

Da hotuna suka taru, Mahdi ya juyo da laftof ya ce akwai shawarar da za a yanke kafin a ci gaba.

"Kowane shafi yana da manhajar da ake sarrafa shi da ita, wato inda ake shiga a ƙara hoto ko a gyara rubutu. Hanya biyu ce. Ta farko, in gina muku tawa daga tushe. Za ta yi kyau, amma ni kaɗai na san cikinta. Ko harafi za a canza sai an kira ni."

Lubabatu ta ɗago. Sai an kira shi! Kullum, ko da yana Kaduna, da dalili mai kyau da ba wanda zai yi mata dariya a kai.

"Ta biyun fa?" Baba ya tambaya.

"Ta biyu shiryayyiya ce, mutane da yawa suna amfani da ita. In ɗora shafin a kai, in koya wa Lubabatu, in ba ta kalmar sirri. Daga wayarta za ta yi komai. In ma wani abu ya lalace, kowane mai gina shafi zai iya gyarawa. Ba za ku sake buƙatata ba."

"Ta farkon ta fi," ta yi caraf ta ce. "Ai... ai ka ce ta fi kyau."

"A'a. Ta biyun za ku ɗauka."

"Mu ne masu shafin ko kai?"

"Ku ne. Shi ya sa makullin ya kamata ya zauna a hannunku. Baba zai iya tuna suna da asuba, ki shigar kafin ki ɗora koko. Ba sai kin jira ni ba."

Gaskiya ya faɗa, ita ma ta sani, amma gaskiyar ta yi mata ɗaci. Wato sauri yake ya sallame ta ya kama gabansa.

"Shi ke nan, Malam Mahdi. Yadda ka ce."

Baba dai sai wani ɗan murmushi yake yi shi kaɗai.

Ta koya da zuciya biyu, ga haushi ga kaifin kai, cikin 'yan kwanaki ta iya ɗora hoto da suna ba tare da ta tambaye shi ba. Ranar ƙarshe ya miƙa mata wayarta.

"Sa kalmar sirrin da kike so. Kada ki faɗa mini."

Ya juya baya har ta gama. Sannan ya cire sunansa daga cikin masu iko da shafin, a gaban idonta.

"Zan ɗan kwana biyu wajen Hajiyata a Kibiya, ƙarshen mako in koma Kaduna," ya ce yana rataya jaka. Ya tsaya kamar zai ƙara wani abu, sai ya durƙusa ya yi wa Baba sallama ya fita.

Shafin kuwa ya yi farin jini. Wata mata ta kira daga Legas tana kuka, ta ga mahaifinta da ba ta taɓa sanin fuskarsa ba. Lubabatu ta taya ta murna, ta kashe waya, ta zauna tana duba shafin sama da ƙasa ko Allah zai sa ta sami wani abu da ya lalace. Ko ɗigo! Mutumin nan ya yi aikinsa da kyau har ya ba ta haushi.

Ba ta san hawaye ya zubo ba sai da Baba ya ce, "Uwata, ido ne ba ni da shi, kunnena garau yake."

"Mura ce, Baba."

"To, Allah ya sawwaƙe. Zo ki zauna in tambaye ki. Duk adakokin nan da kika zazzage, kin ga fim ɗin Innarku tana budurwa?"

Hoton yana rataye a ɗakin Baba, Inna da ƙwaryar nono da kitson doka, amma fim ɗinsa ba ta gani ba. "Ko gara ce ta ci?"

"Ba gara ba ce. Kin san ƙa'idar sana'armu: mai hoto ba ya ba da fim. Ka ba mutum hotonsa, ka riƙe fim, don duk ranar da yake son a sake wanko masa dole ya dawo wajenka. Haka maigidana ya koya mini, haka na yi duk rayuwata, in ban da sau ɗaya."

Ya gyara zama, fuskarsa ta koma ta wani saurayi da Lubabatu ba ta taɓa sani ba.

"Wata 'yar Fulani ce daga Zinyau take kawo nono, ta shigo da ƙawayenta a ɗauke ta. Da ta zo karɓa, na haɗa mata da fim ɗin a cikin ambulan. Abokaina suka ce na haukace, na kori ciniki, na kuma kori yarinya. Na ce a'a. In na riƙe fim ta dawo, ba zan taɓa sanin don wa ta dawo ba."

"Ta dawo?" Lubabatu ta tambaya a hankali.

"Da ba ta dawo ba, wa zai zauna nan yana yi mini mura? Ta tsaya a bakin ƙofar can ta ce, mai hoto, ba hoto na zo ɗauka ba. Daga haka ba ta ƙara ko kalma ba, kunya ta kama ta ta gudu." Ya share gefen idonsa da hannun riga. "Yaron nan da ya so, da ya riƙe fim, Uwata. Ke da bakinki kika miƙa masa, ya ƙi."

Kuka ya ƙwace mata. "Baba, ko na kira shi, ba zan iya barinka ba..."

"Wancan karon ba ki tambaye ni ba kika yanke. Wannan karon ki tambaye shi tukuna."

Ta fita bayan shago, gindin darbejiya, ta kira Mahdi. Bugu ɗaya ya ɗauka, kamar wayar a tafin hannunsa take kwana.

"Lubabatu? Shafin ne ya sami matsala?"

"Lafiyarsa ƙalau."

"Kalmar sirrin kika manta?"

"Ban manta ba."

"To me ya lalace?"

Ta runtse ido. "Babu abin da ya lalace, Yaya Mahdi. Ni ce dai na kira."

Sai ta ji ya sauke wani dogon numfashi.

"Lubana... kin san jakata a ɗaure take tun shekaranjiya? Kullum in ce wa Hajiya gobe zan tafi, har ta fara tambayata ko goben Kaduna daban take da ta Kibiya!"

Ta yi dariya cikin kuka. "Amma ka sani, Baba..."

"Ban ce ki bar Baba ba. Da can ofis ne ya ɗaure ni, yanzu ofishin a kafaɗata yake rataye. In Rano ta karɓe ni, a Rano zan zauna. Ina dai so in tabbata ni ake nema, ba mai gyaran shafi ba."

"Kai ake nema," ta ce, ta kashe wayar da sauri don kunya.

Bayan girbi aka ɗaura aure. Da yamma Baba ya sa aka buɗe shago, aka sauke tsohon labulen nan mai zanen jirgin sama. Sadiƙ ne ya riƙe kyamara, amma Baba ne ya tsayar da su, yana lalubar kafaɗunsu yana gyara musu tsayuwa kamar yadda ya yi wa rabin garin.

"Ango, matso. Ɗaga haɓa kaɗan. Kuma don Allah wannan karon kada ka ɓata mini hoto."

Lubabatu ta saci kallon Mahdi ta ƙasan mayafi, ta yi masa gwalo.

Hoton ya girgiza. Haka ta ɗora shi a shafin da hannunta, kusa da na Inna da ta kwafo daga wanda ke ɗakin Baba.