Samira a Kan Rauta

Ranar da Surajo ya fara ganin Zinatu, yana kan tsani ne da wayar intanet a baki. Ta shigo da ruwa a kofi ta ce, "Sannu da aiki, Injiniya." Ya buɗe baki zai amsa, wayar ta faɗo, shi ma saura ƙiris ya bi ta.

Surajo ɗan Maiyama ne, yana da shagon haɗa intanet a Jega. Alhaji Ladan, babban dillalin albasa a Aliero, shi ya kira shi. Alhaji ya gina bene hawa uku, ya zaɓi can ƙoli ya tare, sai ga shi masu sayen albasa daga Kudu suna son ganin kaya ta bidiyo, sabis kuwa ko ƙofar ɗakinsa ba ya zuwa.

Gidan kuma ba a shiga. Duk namijin da ya zo, iyakarsa zaure. Surajo kaɗai aka ɗaga wa ƙafa saboda aiki.

Ya ɗora rauta, wato na'urar da ke raba sabis, a kan kabad a hawa na tsakiya, ya sa ƙananan na'urori masu ƙara mata ƙarfi sama da ƙasa. Sabis ya cika gida fal. Kafin ya fita, Zinatu, ɗiyar Alhaji, ta karɓi lambarsa, wai ko da wani abu zai lalace.

Ai kuwa washegari ya lalace.

"Injiniya, sabis ya tahi. Baba na ta faɗa."

Ya hau babur ya zo. Yana shiga, komai lafiya lau. Ya duba nan, ya taɓa can, ya sha kunun da Zinatu ta kawo, ya koma Jega. Bai gama kafe babur ba saƙo ya shigo.

"Ya sake tahiya. Ina ga kewarka yake yi."

Ya yi murmushi shi kaɗai kamar wani zautacce, ya rubuta: "Sabis ɗin kaɗai ne ke kewata, Zinariya?"

"Ka zo ka tambaye shi da kanka, Injiniyana."

Haka aka yi ta yi har soyayya ta kama su da gaske. Amma Alhaji haƙurinsa ya ƙare. Ranar da bidiyo ta yanke yana tsakiyar nuna wa wani mai saye albasa, sai ga dangin Surajo sun turo a yi musu iso wajen neman aure.

"Wanga yaro?" in ji Alhaji. "Mutumin da sabis nai ke bin shi gida kamar akuya? Wanda ya kasa riƙe sabis a hawa uku shi zai riƙe mini ɗiya? Kar in ƙara ganin ƙafatai a gidan ga!"

Ya kira Shamsuddeen, ɗan abokinsa, mai ƙamshin turare da jakar kwamfuta, wanda dama ya daɗe yana zagayen Zinatu. Shamsuddeen ya zare waya ɗaya ya mayar, ya karkaɗe hannu. Ikon Allah, sabis ya zauna daram, sati guda ko gezau! Alhaji ya shiga kasuwar albasa yana yabonsa, yana kushe Surajo, har ya ba Shamsuddeen izinin zuwa zance wajen Zinatu.

Labari ya kai Jega. Surajo ya ji zafi ƙwarai, abinci ma ya fita ransa. Ya rubuta: "Na ji sabis ya samu wanda yake so. Allah ya sanya alheri."

Zinatu ta karanta ta yi kuka, sannan ta share hawaye ta amsa: "Kai dai ba ka da wayo, masoyina. Bari ka gani."

Da hantsi sabis ya ɗauke ɗif.

A daidai lokacin Hajiya Zuhura, mahaifiyar Zinatu, tana neman babbar tukunyarta ta samira, wadda ta ɗauki wata guda tana ɓata tana dawowa. Ta ɗaga kai sai ga ta a kife a kan kabad. Ta taka kujera ta ɗaga, ga rauta a ƙarƙashi tana ƙyafta fitila.

Daga sama Alhaji ya ƙwala, "Ya dawo!"

Hajiya ta tsaya. Ta kife tukunyar a hankali.

"Ya tahi!"

Ta ɗaga.

"Ya dawo! Kai, wanga gida da aljanu!"

Hajiya ta waiga, ga Zinatu a bakin ƙofa ta rufe fuska da mayafi.

"Alhaji, sauko ka ga aljanar," in ji Hajiya.

Ya sauko yana haki. Ya dubi samira, ya dubi rauta, ya dubi ɗiyarsa.

"Ke! Mi ya kai tukunya nan?"

"Baba, in sabis na nan, Injiniya ba ya zuwa," ta faɗa da ƙyar.

"To da Shamsuddeen ya gyara, don mi ba ki kife ba?"

"Shi ba na son ya dawo gidan ga."

Hajiya ta kasa riƙe dariya har sai da ta dafa kabad. Alhaji ya so ya yi faɗa, amma kunya ta rufe shi, don ya tuna irin ɓatancin da ya yi wa yaron mutane a gaban 'yan kasuwa. Da la'asar ya sa aka kai shi Jega, ya tsaya a ƙofar shagon Surajo, ya ɗaga murya yadda maƙwabta za su ji.

"Yaro, aikinka ba shi da laihi, ɗiyata ce mai laihin. Ka turo magabatanka tun kafin ta kife mini gidan gaba ɗaya."

Bayan an kwashe albasa aka ɗaura aure a Aliero, mutanen Maiyama suka zo mota-mota. Da aka zo loda kayan ɗaki, Alhaji da kansa ya ɗauko samirar ya sa a mota kafin gado da katifa, ya ce ita za ta fara fita.

Sannan ya dafa kan Zinatu ya ce, "Allah ya yi muku albarka, ya ba ku zaman lafiya. Ki riƙa kirana ta bidiyo, ɗiyata. Yanzu dai sabis ba zai yanke ba."